Darasi na 9: Tafiya Bayan Aikin Dajin Hanji

Ciwon dajin babban hanji yakan fara da ɗan tsiro a cikin hanji ko kusa da dubura. Idan likita ya tabbatar da shi, akan yi aiki a yanke wurin. Sau da yawa a biyo da maganin daji, wanda ake kira kemo. Darasinmu na yau a kan zaman gida ne, bayan an sallamo mutum.

Mun san yadda muke jinya a Katsina. A shimfiɗa wa mutum katifa a ɗaki, ko buta a hana shi ɗauka. 'Yan dubiya na shiga suna fita, kowa na cewa, "Kwanta, Baba, kada ka motsa, Allah ya ƙara sauƙi." Ƙauna ce ta kawo haka. Amma kwanciya wuni bayan wuni tana cutar da majinyaci. Ƙarfin ƙafa yana zubewa, bayan gida ya ƙi fita, jini kuma yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Ko gajiyar nan da kemo ke sawa, kwanciya ba ta korar ta. Tafiya kaɗan-kaɗan ita ke rage ta.

A 2025 an fitar da sakamakon wani bincike kan mutum 889, yawancinsu a Kanada da Ostireliya. Duk an yi musu aikin dajin hanji, sun gama kemo. Aka raba su biyu. Rabi aka ba su takardar nasiha kawai. Rabi aka haɗa su da mai horarwa kan motsa jiki har shekara 3, da yawa cikinsu kuma tafiya da sauri suka zaɓa. Bayan shekara 8, cikin kowane 100 na waɗanda aka horar, 90 suna raye. A ɗaya ɓangaren 83 ne. Ku lura, dukkansu sun karɓi maganin asibiti tukuna. Tafiya ba ta maye gurbinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wanda ya fito daga asibiti ba da wannan zai fara ba. Minti 5 daga ɗaki zuwa zaure ya isa farko, sai a riƙa ƙarawa. Idan ƙarfi ya dawo, masallacin unguwa na nan, a taka da ƙafa, a bar babur ya huta. Saurin da ake so shi ne wanda numfashi zai ɗan ƙaru amma mutum yana iya hira. A bazara a fita bayan asuba ko gab da magariba, da gorar ruwa a hannu.

Mace ta zagaya tsakar gida, ta leƙa maƙwabta. Daka, jan guga da ɗaukar jarka su jira sai likita ya yarda, yawanci wajen mako 6 bayan aiki, don kada ƙaba ta fito a wurin ɗinki. Wanda aka manna wa jakar tara bayan gida a kan fatar cikinsa shi ma yana tafiya, kaya masu nauyi ne zai kiyaye.

Akwai kuma zaman majalisa da na shago. Mutum ya yi tafiyar safe, sannan ya manne a benci har la'asar, ya rage wa kansa riba. A miƙe duk rabin awa, a ɗan taka.

Wani kemon yana kashe tafin ƙafa, mutum ya taka ƙaya bai ji ba. Sai a sa rufaffen takalmi, a riƙe sanda ko a tafi da yaro. Idan aka ji jiri, ciwon ƙirji ko zazzaɓi, ko aka ga jini ko kumburin ƙafa ɗaya, a tsaya a koma asibiti.

Aiki: Wata mata tana tafiyar minti 10 sau 3 a rana, kwana 5 a mako. Minti nawa ke nan? Rubuta amsar a littafinka, sannan ka ja layi 7, kowace rana ka rubuta mintin da ka taka.