Yadda Na Shawo Kan Zafin Injin Tsohuwar Ford Ɗina

Motar Ford ce ƙirar 1940 mai ƙofa biyu, irin waɗanda a nan Amurka ake cire musu tsohon inji a dasa na zamani, a sauke su ƙasa-ƙasa, suna ce musu "sitirit rod". Tawa injin Chevrolet 350 ke ciki, mai lita 5.7 da silinda 8.

A babbar hanya lafiya lau take, allurar zafi ba ta wuce digiri 85. Amma da na tsaya a danja minti biyar, sai ta doshi 110, ruwa ya fara tafasa. Na sauya tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi), na wanke lagireto, har famfon ruwa na saya sabo. Asarar kuɗi kawai, wallahi.

Ashe fankar lantarki ce. Gaban waɗannan motoci tsukakke ne, ba wurin fankar inji, shi ya sa ake sa ta lantarki a bayan lagireto don ta zuƙo iska daga waje. Wata rana da yamma na kanga takarda a gaban motar fanka na juyawa, maimakon ta manne sai ta tashi sama. Wanda ya haɗa wayoyin ya juya su, fankar tana tura zafin inji waje ta cikin lagireto. In mota na gudu, iskar hanya ce ke rufa mata asiri.

Na cire kan batir, na musanya wayoyin biyu, na ƙara mata murfin da ke tattara iska. Jiya na bar ta a kunne rabin awa cikin ranar Houston, allura ta tsaya a 88.