Yadda ake bin sawun iskar ozon a Damagaram shekara da shekaru

Ozon na kusa da ƙasa, mai ƙaiƙayin maƙogwaro da tayar da asma, ba ya fitowa kai tsaye daga salansa. Hayaƙin kabu-kabu, manyan motoci da injinan wuta ne ke haɗuwa da tururin fetur, hasken rana ya dafa su. Shi ya sa yake hawa da azahar, ya sauka da dare.

A fara da wurin kafa na'urar awon ozon, don nan aka fi yin kuskure. Kada a ajiye ta bakin titin Kasuwar Dole: ɗanyen hayaƙin mota yana cinye ozon nan take, sai na'ura ta nuna iska lafiya lau alhali can gaba ya taru. A nisanta da titi fiye da mita 10, bakin bututun da ke zuƙo mata iska ya kasance a tsayin mita 3 zuwa 4 daga ƙasa, nesa da bishiya da bango. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma, don haka a kafa guda-guda a waɗannan gefuna biyu na gari. In da hali, a ƙara ta uku a hanyar Tanut, wajen matatar man fetur ta SORAZ da ta fara aiki a 2011.

Bututun ya zama na Teflon, wata roba ta musamman da ba ta cin ozon, don roba ta gama-gari tana lalata ozon kafin ya isa na'ura. Ƙurar hunturu kan toshe matatar ƙura ta na'urar, a duba ta kowane mako, in ta yi ja a canza. A haɗa batir da sola saboda ɗaukewar wuta. Ƙananan na'urori masu araha suna rikita ozon da NO2, wata iska da ke cikin hayaƙin mota, kuma awonsu na zamewa, dole a riƙa gwada su da babbar na'ura.

Kowace rana a fitar da matsakaicin awa 8 mafi yawa, a jefar da duk wanda bai cika awa 6 na awo ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 shi ne maikirogiram 100 a kowace kubik mita, wato kusan ppb 50 (kashi 50 cikin biliyan ɗaya na iska).

Sauran aikin haƙuri ne. Bazara ɗaya mai tsananin zafi tana iya ɗaga lamba ba tare da hayaƙi ya ƙaru ba, don haka ba a cewa ozon na hawa ko sauka sai an tara kamar shekara 10. A gwada Afrilu da Afrilu, ba Afrilu da Agusta ba. Kuma kada washewar sama ta ruɗi kowa: a biranen Sin, bayan shirin tsaftace iska na 2013, ƙurar hayaƙi ta ragu amma ozon ya ƙaru. Ranar da aka canza na'ura ko aka gusar da ita, a rubuta a littafi, a kuma bar tsohuwa da sabuwa su yi aiki tare na 'yan watanni.