Yadda ake gyara kuskuren kuɗin fansho idan albashi ya makara

Idan albashin Janairu da na Fabrairu suka taru aka biya su rana ɗaya a Maris, a nan ne lissafin fansho ya fi rikicewa. Gyaran ba shi da wuya, amma sai an bi shi wata-wata.

Da farko a san abin da doka ta ɗora. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, kamfani kuma ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. Ana lissafin ne aƙalla a kan gundarin albashi da alawus na gida da na sufuri a haɗe. Kuɗin kuma dole su isa hannun ma'ajin fansho, wato PFC, cikin ranakun aiki bakwai daga ranar da aka biya albashi. A lura da kyau: daga ranar biya ake ƙirga, ba daga ƙarshen watan da aka yi aikin ba. Makarar albashi ita kaɗai ba ta jawo tarar fansho. Abin da ke jawo ta shi ne a biya ma'aikata, a cire kuɗin, sannan a zauna a kansu.

Mataki na farko, a raba ariyas ɗin. Kowane wata ya samu layinsa, da albashin da ma'aikacin yake ɗauka a wannan watan. Wanda aka ƙara wa girma a Fabrairu, kuɗin Janairunsa a tsohon albashi za a lissafa su. Wanda ya bar aiki kafin a biya shi ma yana da haƙƙi, kada a goge sunansa.

Na biyu, a kwatanta abin da ya kamata a tura da abin da aka tura. Ga misali: gundarin albashi naira 90,000, gida 36,000, sufuri 24,000, jimilla 150,000. Kason ma'aikaci 12,000 ne, na kamfani 15,000, wato 27,000 a wata. Idan akanta ya yi lissafi a kan gundarin albashi kawai, 7,200 da 9,000 za su fito, jimilla 16,200. Giɓin 10,800 ke nan: 4,800 na ma'aikaci, 6,000 na kamfani. A nemi rasit na banki da bayanin asusun ma'aikaci daga kamfanin fanshonsa, wato PFA, domin abin da ke rubuce a takardar albashi ba shi ne shaidar kuɗi sun shiga ba.

Na uku, tara. Doka ta ce ba za ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da ba a tura ba a kowane wata, kuma guntun wata ma wata ne. A misalinmu 216 ke nan a wata, wata uku 648 a kan mutum ɗaya. Kuɗin tarar a asusun ma'aikaci suke shiga, kuma kamfani ne ke biya. Zare su daga albashi laifi ne a kan laifi.

Sai a tura cikon tare da sabon jadawali mai ɗauke da suna, lambar asusun fanshon ma'aikaci (RSA), lambar kamfani, wata da shekara, da kason kowane ɓangare daban. Kuɗin da aka tura da lambar da ba daidai ba, ko ba tare da jadawali ba, maƙalewa suke yi ba su shiga asusun kowa ba, ma'aikaci yana ta jiran saƙo.

Kason ma'aikaci da aka rage, wato 4,800 ɗin nan, a sanar da shi a rubuce kafin a cire, kuma ya fi kyau a rarraba a kan watanni. Mutumin da ya sha jiran albashi, a sake yanke masa dunƙule guda, rigima ake nema. Idan kuma wuce gona da iri aka yi wajen turawa, ba a janye kuɗi daga RSA da wasiƙa ɗaya. Sai an nema ta hannun PFA da hujjoji, bisa ƙa'idojin hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom.

Kada a manta da haraji. Ana fitar da kuɗin fansho kafin a lissafa harajin albashi, don haka duk gyaran fansho yana taɓa shi. Haɗa wata biyu a matsayin ɗaya kuma kan sa manhajar albashi ta ɗauka kuɗin mutum ya ninka, ta jefa shi a matakin haraji na sama. Kashi 1 na NSITF, wato asusun biyan diyya ga ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki, kuwa kamfani ne kaɗai ke biyansa. Idan ya bayyana a cikin abin da aka cire wa ma'aikaci, a mayar masa da kuɗinsa.

Bayan an tura, a sake karɓo bayanin asusu a ga kowane wata ya zauna a gurbinsa, a ajiye rasit da jadawali a fayil ɗaya. Su za a nema ranar da kamfani ya je karɓar takardar shaidar biyan fansho daga PenCom.