Darasi na 9: Maganin Ƙibar Shanu da Ruwan Rafi

A Amurka ana turke dubban shanu a fili guda, ana ɗura musu masara har su isa yanka. Don su yi saurin ƙiba, sai a cusa musu wata 'yar ƙwayar magani a ƙarƙashin fatar kunne. Ƙwayar tana narkewa a hankali, tana sakin sinadarin da ake kira homon. Homon shi ne ɗan aiken jiki. Shi ke cewa a yi tsoka, a balaga, a yi ƙwai. Ɗaya daga cikin magungunan sunansa tirenbolon. Aikinsa irin na homon ɗin namiji ne, sai dai ya fi shi ƙarfi.

To, jikin dabbar ba ya cinye maganin duka. Ragowar tana fita ta fitsari da kashi, kuma tana iya yin watanni a cikin taki ba ta lalace ba. Da an yi ruwan sama, sai ya wanke garke ya gangara rafi.

Masu bincike sun kama ƙananan kifaye a wani ruwa da ke ƙasa da garken turka a jihar Nebraska ta Amurka, suka fitar da sakamakon a 2004. Mazan kifayen marainansu sun ƙanƙance, homon ɗinsu na maza ya ragu. Na matan ma ya rikice. Kifin da wannan ya same shi, hayayyafa za ta yi masa wuya, kuma ɗan kaɗan na maganin ya isa ya yi ɓarna.

Da can an ɗauka hasken rana yana kashe ragowar tirenbolon a ruwa. A 2013 aka gano cewa suma kawai take yi. Da dare ya yi, sai ta farfaɗo. Ke nan wanda ya gwada ruwan da tsakar rana zai iya cewa lafiya lau, alhali ba haka ba ne. Ƙasashen Tarayyar Turai sun haramta irin wannan kiwo, kuma tun 1989 suka rufe ƙofa ga naman da aka yi da shi.

Mu ma muna turka, musamman gab da Babbar Sallah. Kowane irin magani ka ba dabba, wani abu daga cikinsa zai fito a bayanta. Saboda haka kada ka tara taki a bakin rafi ko kusa da rijiya. Ka haƙa rami inda ruwan garke zai tsaya. Maganin da aka ce maka yana sa ƙiba, kada ka saya don mai talla ya iya baki. Ka nuna wa likitan dabbobi tukuna.

Aikin yi: Ta wace hanya magani ke tashi daga kunnen dabba ya isa rafi? Dubi turkenku, ka rubuta inda ruwansa yake gangarawa da damina.