Yadda ake farfaɗo da karen da aka ƙwato daga masu haɗa karnuka faɗa

A da, a Amurka, galibi kashe duk karen da aka kama a dandalin faɗan karnuka ake yi. Shari'ar Michael Vick, ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka da aka gano dandalinsa na faɗan karnuka a jihar Bajiniya a 2007, ita ta sauya lissafi. An duba karnukan kusan 50 ɗaya bayan ɗaya, guda ɗaya tak aka kashe saboda mugun hali, 22 kuma ƙungiyar kula da dabbobi ta Best Friends ta karɓa a jihar Yuta. Halin kowane kare daban, don haka shi za ka duba, ba inda ya fito ba.

Fara da jiki. Killace shi shi kaɗai na mako 2, inda ba ya ganin wani kare, a kira likitan dabbobi tun ranar farko. Raunukan suna yawan zama a fuska, ƙirji da ƙafafun gaba. Hudar haƙori ƙarama ce a ido, amma naman ƙarƙashi a dagargaje yake. In aka ɗinke bakinta, mugunya ce za ta taru ciki. Sa masa takunkumi, aske gashin gefen, ka wanke da ruwan gishiri: ƙaramin cokali 1 a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. Kada ka ba shi ibuprofen don raɗaɗi, yana huda cikin kare ya lalata ƙoda.

Ɗaga leɓensa ka duba dasashi. In ya yi fari fat, a gwada jini. Ƙwayar cutar Babesia gibsoni, mai jawo ƙarancin jini, ta yi yawa a irin waɗannan karnuka, domin tana bin cizo daga jini zuwa jini. Allurar rigakafin haukan kare da maganin tsutsa kuma ba a ɗaga musu ƙafa.

Kuskuren masu tausayi shi ne cika wa ramammen kare kwano. Jikin da ya daɗe da yunwa, in abinci ya zo masa gaba ɗaya, sinadarin fosfet na jini yana faɗuwa, zuciya ta iya tsayawa. Ba shi kashi 1 cikin 3 na abincin yini, a raba sau 4 zuwa 6, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin mako guda zuwa kwana 10.

Tsoro ne ya fi damun yawancinsu, ba cizon mutum ba. Karen da ya girma a ɗaure da sarƙa bai san matakala ba, bai san ƙarar mota ba. Za ka ga ya manne cikinsa da ƙasa ya ƙi motsi. Kada ka ja shi. Zauna gefe, ban da haɗa ido, ka jefa masa ɗan nama ka tashi. Duka da tsawa suna mayar da aikin baya.

Haɗa shi da wani kare shi ne na ƙarshe. Mutum biyu, kowa da igiyarsa, a yi tafiya a jere da tazarar da zai hango ɗayan amma ya ci gaba da karɓar nama. In ya sandare, ya kafe ido, ya rufe baki, an matso da yawa, a ja baya. Kada ka jira gurnani, da yawansu ba sa yin gargaɗi kafin su kai cafka. Wanda ya ƙi sabawa bayan watanni, a nema masa gida mai katanga inda babu wani kare.