Yadda matashi zai fara ajiye littafin rubuta abin da ke ransa

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Argungu na fara rubutu, a bayan wani tsohon littafin lissafi da ya rage 'yan shafuka. Ba wanda ya sa ni. Haushi ne ya cika mini ciki, kuma a gidanmu yaro ba ya mayar wa babba magana, sai na riƙa mayar wa takarda. Ga yadda zan shawarci ƙanena ko ƙanwata su fara.

Da farko, nemi littafi da biro. Littafin makaranta na kanti ya isa. Mai tsada yana sa hannu rawa, ka ji kamar sai magana mai nauyi za ta shiga ciki. Ban cika son waya ba a nan: ana aronta, caji yana ƙarewa, kuma saƙo ɗaya ya shigo hankali ya tafi.

Na biyu, tsayar da lokaci. Bayan sallar isha'i ya fi, minti goma kawai. Sa kwanan wata a sama kafin komai.

Na uku, kuma nan ne aikin yake: rubuta abin da idonka ya gani kafin abin da zuciyarka ta ji. Yawancin masu farawa sukan rubuta "yau raina ya ɓaci" su rufe littafi. Bayan shekara ba za ka san abin da ya ɓata ran ba. Dubi wannan: "Baba ya dawo daga fadama da la'asar, ya zauna bakin zaure bai ko cire takalmi ba. Inna ta aiko ni da tuwo, ya ce a rufe. Ruwa ya ci shinkafarmu." Ba a ambaci baƙin ciki ba, amma ga shi nan zaune. Idan ka gama, ƙara layi ɗaya da ke amsa tambayar nan: ni me na yi, me na ce? Wannan layin shi ne mai wuya, domin da sauƙi a lissafa laifin kowa a manta da na kai. Sau da yawa ina fara shafi ina mai gaskiya, in kai ƙasa na ga ni ne na fara tsokana.

Na huɗu, rubuta da bakinka. In "mi kaka so" kake cewa a gida, ko "ya tahi", sa shi haka. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta a jarrabawa da jarida, kuma ya kamata ka iya ta, amma wannan littafi ba mai jan biro a kansa. Wanda hannunsa ya fi sabawa da ajami tun makarantar allo, ya yi da ajami.

Na biyar, ɓoye shi, kuma ba ƙarƙashin katifa ba. Can na sa nawa, ƙanwata ta zaro shi tana shara, ta tsaya tsakar gida tana karanta wa matan gida abin da na rubuta a kan baffana. Ranar ban ci tuwon dare ba. Tun daga nan na koma ƙasan akwati, na daina sa sunan mutane sai laƙabin da ni kaɗai na sani. Abin da zai tona asirin wani kuwa, bar shi a cikinka.

Na shida, bayan wata uku ko huɗu, koma ka karanta daga farko. Za ka ji kunya, za ka yi dariya, za ka ga abu ɗaya yana ta maimaita kansa: wataƙila saurin fushi, wataƙila tsoron magana cikin aji. Kada ka yage shafi. Rubuta a gefe yadda kake ganin abin yanzu, da sabon kwanan wata. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a 1813 ya tattara waƙoƙinsa na baya cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, yana bayyana dalilin kowace da halin da ake ciki, har da lokacin da ransa ya sosu da halin wasu mutanen jama'ar Shehu ya kama hanyar gabas ya tsaya Kano.

Sai bayan haka ne zancen nuna wa wani. Zaɓi shafi ɗaya, sake rubuta shi da kyau, ka kai wa malamin Hausa ko wata yaya da ba ta yi maka dariya. Abin da ka rubuta cikin fushi, bari ya kwana kafin ya hau Facebook. 'Yan mata da suka ga labarinsu ya fara tsayawa da ƙafarsa, akwai Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata ta BBC Hausa da aka fara a 2016. A bibiyi sanarwarta a karanta sharuɗɗan shekarar kafin a tura.