Yadda ake kwaɓa farar ƙasa da ruwan shinkafa mai danƙo, irin na maginan Sin na dā

Maginan ƙasar Sin sun shafe kusan shekara 1,500 suna zuba dafaffiyar shinkafa mai danƙo a cikin kwaɓin farar ƙasa, kuma ganuwar birnin Nanjing ta zamanin daular Ming tana cikin gine-ginen da aka samu wannan haɗi a jikinsu. Wani littafin sana'o'i da Song Yingxing ya rubuta a 1637 ya kawo ma'aunin: kashi ɗaya na farar ƙasa, kashi biyu na yashin kogi da ƙasa, a kwaɓa da ruwan shinkafar. Masu bincike a Jami'ar Zhejiang sun nuna a 2010 cewa sirrin yana cikin wani nau'in sitaci mai suna amilofektin. Shi ke hana ƙwayoyin farar ƙasa yin girma idan tana daskarewa, sai su fito ƙanana, su matse juna, kwaɓin ya rage tsagewa da shan ruwa.

Ɗaya daga cikin amfanin wannan kwaɓi shi ne ƙarancin wutar da ake buƙata. Ana ƙona dutsen farar ƙasa a zafin digiri 900, siminti kuwa sai an kai kusan 1,450, kuma masana'antar siminti ce ke fitar da kimanin kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya. Farar ƙasa kuma tana sake zuƙe wani ɓangare na iskar yayin da take ƙarfi a jikin bango.

Fara da farar ƙasar. A sayi garin da aka riga aka kashe masa kaifi da ruwa a masana'anta, a zuba shi cikin ruwa a bokiti mai murfi, a dama, a bar ruwa ya sha kansa. Kwana ɗaya shi ne mafi ƙaranci, amma wadda ta yi wata uku a jiƙe ta fi laushi da kama bango. Safar hannu da gilashin ido dole ne, domin farar ƙasa tana cin fata, a ido kuma tana iya makantarwa.

Sai shinkafa. Mai danƙo ake so, wadda ke cure wa idan ta dahu. Mai warwara ba ta kai ta yawan amilofektin ba. Ga kilo 10 na garin farar ƙasa, a auna giram 300 na shinkafa, wato kashi 3 cikin ɗari. A dafa a lita biyar na ruwa, a ƙaramar wuta, awa uku zuwa huɗu, ana motsawa ana ƙara ruwa idan ya ja baya, har ƙwayoyin su narke. A tace da rariya. Idan aka ɗiga tsakanin yatsu biyu aka buɗe, ya kamata a ga zare siriri yana miƙewa. A bar shi ya huce, a yi aiki da shi a ranar, don idan ya kwana yakan yi tsami.

A tsiyaye ruwan da ke saman farar ƙasar, a haɗa kashi ɗaya nata da kashi biyu da rabi zuwa uku na wankakken yashi mai kaifi. A riƙa zuba ruwan shinkafar kaɗan-kaɗan ana juyawa ana dukan kwaɓin da cebur. A nan yawancin mutane ke ɓata aiki: suna ganin ya yi tauri sai su ƙara ruwa. Duka ne ke sa shi laushi, minti ashirin ko fiye. Kwaɓin da ya yi daidai zai manne a cokalin gini ko an kife shi.

A jiƙa bulo ko bangon kafin a ɗora, in ba haka ba zai tsotse ruwan, yaɓen ya koma gari. Kada kaurin kowane shafi ya wuce milimita 10 zuwa 12, kuma a jira na farko ya yi taurin da babban yatsa ba zai lotsa shi ba kafin a sa na biyu. A rufe da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa fesa ruwa kaɗan safe da yamma na mako guda. Farar ƙasa da iska take ƙarfi, amma sai da danshi. Rana da iska mai zafi suna busar da ita kafin ta kama.

Idan aka ga baƙin fumfuna ko yaɓen ya ƙi tauri bayan makonni, shinkafa ta yi yawa. Tsagewa kamar bayan kunkuru alama ce ta yawan ruwa ko yashi mai laushi ƙwarai. Shi ya sa ya fi kyau a fara gwaji a murabba'in mita ɗaya, a ba shi wata guda.

Wannan kwaɓi na jera bulo ne da dutse, da yaɓe, da gyaran tsofaffin gine-gine. Ba a zuba ginshiƙi ko rufin bene mai rodi da shi, kuma ba ya daskarewa a wurin da ruwa ke kwanciya. Don irin wannan wuri Rumawa suka riƙa haɗa farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta ta yankin Pozzuoli a Italiya, wadda ke kamawa ko a cikin teku.